Keken Guragu a Cikin Kwale-kwale: Lissafin Nauyi, Faɗi da Daidaito

Ƙasar Kudan, wadda hedikwatarta ke Hunkuyi, da Makarfi da Ikara, an fi saninsu da noman rake da masara da tumatir fiye da su. Duk da haka akwai masunta a cikinsu, domin fadamu da rafuka da kududdufai ba sa rasa tarwaɗa da karfasa, kuma gina madatsun ruwa ya kawo manyan tafkuna kusa da jama'ar da a da ba su san ruwan da ya wuce na damina ba. Akwai madatsar Gimbawa a Ikara da ta Galma a Kubau, sannan a tsallaken iyakar Jihar Kano akwai ta Tiga wadda aka kammala a 1974 da ta Challawa wadda aka kammala a 1992. A waɗannan ruwaye ƙaramin kwale-kwalen katako shi ne jarin masunci.

A cikin wannan jama'a kuma akwai mutanen da ba sa iya taka ƙasa. Mafi yawansu cutar shan-inna ce ta taɓa su tun suna yara. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan, yawancinsu magidanta ne masu neman abin da za su ciyar da iyali. Ban da su akwai waɗanda haɗarin mota ko na babur ya taɓa wa laka, da waɗanda aka yanke wa ƙafa, da tsofaffin masunta da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar. Aikin su da kalli ko mamari aiki ne na hannu da kafaɗa da sanin halin ruwa, kuma mai tuƙa keken guragu da hannu shekara da shekaru ba ya rasa ƙarfin damtse. Abin da ke tare masa hanya shi ne jirgin kansa, da kuma 'yan takun da ke tsakanin busasshiyar ƙasa da jirgin.

Abin da ke riƙe jirgi a tsaye

Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, Arkimidis na birnin Sirakus ya bayyana cewa duk abin da ke kan ruwa, ruwan yana tallafe shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Saboda haka jirgin da nauyinsa da na kayansa ya kai kilo 320 zai nutsa har sai ya ture lita 320, daga nan ya tsaya. Wannan ya amsa tambayar ko jirgi zai ɗauki kaya, amma bai amsa ta biyu ba, wato ko zai tsaya daidai da kayan, kuma ita ce tambayar da ke cin rai.

Akwai wurare biyu da ya kamata a riƙe a zuci. Na farko shi ne cibiyar nauyi, inda za a iya cewa dukkan nauyin jirgi da mutanensa ya taru yana dannawa ƙasa. Na biyu shi ne cibiyar tallafi, wato tsakiyar sashen jirgin da ke cikin ruwa, inda ruwa ke turawa sama. Idan jirgi ya karkata zuwa dama, ɓangaren dama ya ƙara nutsewa, na hagu ya ɗago, sai cibiyar tallafi ta gusa zuwa dama ta tura jirgin ya koma yadda yake. Idan aka ja layi a miƙe daga sabuwar cibiyar tallafin zuwa sama, zai gamu da layin tsakiyar jirgi a wani wuri, wanda za a kira magama. Masanin Faransa Pierre Bouguer ne ya fayyace wannan a littafinsa kan gina jiragen ruwa na 1746. Muddin magama tana sama da cibiyar nauyi, jirgi zai dawo. Idan cibiyar nauyi ta hau ta wuce magama, ƙaramin motsi ya isa ya kife shi. Nisan da ke tsakaninsu shi ne tazarar daidaito, kuma duk gyaran da za a yi wa jirgi domin mai keke yana komawa ne ga kare wannan tazara.

Ana iya ƙiyasta tsayin magama da lissafin makarantar sakandare. Ga jirgi mai siffar akwati, a ɗauki tsawonsa a mita, a ninka da faɗinsa sau uku a jere, a raba da 12, sannan a raba da nauyinsa a tan. Abin da ya fito shi ne tsayin magama a kan cibiyar tallafi. Kwale-kwale ba akwati ba ne, yana da tsini gaba da baya, don haka abin da yake samu bai fi kimanin rabin wannan ba.

A ɗauki misalin kwale-kwale mai tsawon mita 6 da faɗin santimita 80 a daidai fuskar ruwa, mai nauyin kilo 150. A ce mutum biyu ne a ciki, kowane kilo 65, suna zaune ƙasa-ƙasa, da kayan su na kilo 20. Jimla kilo 300 ke nan. Lissafi zai ba da magama a kimanin santimita 49 daga ƙasan jirgi, cibiyar nauyi kuma a kimanin 25. Tazarar daidaito santimita 24 ce. Yanzu a ɗora ɗaya daga cikin mutanen a kan keke mai kilo 20, wanda mazauninsa ke da tsayin kusan santimita 50. Cibiyar nauyin mutumin da kekensa ta tashi zuwa wajen santimita 70, ta jirgin gaba ɗaya ta koma 36, magama kuma ta sauko zuwa 46 saboda ƙarin nauyi. Tazarar ta ragu zuwa santimita 10. Jirgin bai ƙara nutsewa da ko santimita ɗaya ba, mai kallo daga gaɓa ba zai ga wani bambanci ba, amma fiye da rabin amincinsa ya tafi.

Ma'anar wannan a wurin aiki ita ce: idan masunci ya ja kalli mai nauyin kilo 15 ta gefe, rabin mita daga tsakiya, jirgin farko zai karkata da kimanin digiri 6, na biyu kuwa da kimanin digiri 13. A digiri 13 keken da ba a tare ba zai zame, nauyin kilo 85 ya koma ɓangaren da ya riga ya sunkuya, kuma ba a buƙatar lissafi a san abin da zai biyo baya.

Faɗi ya fi komai

Abin lura a cikin wancan lissafi shi ne an ninka faɗi sau uku, tsawo kuwa sau ɗaya. Idan aka ninka tsawon jirgi biyu, ƙarfin da siffarsa ke bayarwa wajen hana karkata ya ninka biyu kawai. Idan faɗi aka ninka biyu, ya ninka takwas. Jirgin misalin nan, da za a gina shi da faɗin santimita 120 maimakon 80, ko da ƙarin katako ya kai jimlar nauyi kilo 380, tazarar daidaitonsa da mai keke a ciki za ta kai wajen santimita 87, kuma jan kallin nan ba zai karkata shi da fiye da digiri 2 ba. Faɗin keken hannu na yau da kullum santimita 60 zuwa 70 ne, ga kuma hannun mai shi da ke buƙatar wurin kama taya, don haka daɓen da bai kai santimita 90 ba ma bai isa keke ya zauna ba.

Wannan ya raba jiragen gida biyu. Jirgin da aka sassaƙa daga kututture ɗaya, faɗinsa faɗin itacen ne, ƙasansa kuma zagaye, ba ya karɓar wannan gyara. Jirgin da kafinta ya haɗa da faifan katako kan haƙarƙari, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, shi ne ake iya buɗewa a sauya haƙarƙarinsa a ƙara masa faifai. Sau da yawa kuwa, idan aka lissafa kuɗin ƙusa da katako da kwalta da ladan aiki, gina sabo mai faɗi ya fi sauƙi da aminci bisa farke tsoho.

Idan babu halin sabon jirgi, akwai dabarar da masuntan gaɓar Tanzaniya da Zanzibar suka daɗe suna amfani da ita a jirginsu ngalawa, wato ɗaura wa siririn jirgi fikafikai biyu masu iyo a gefe da gefe. A wannan yanki abin da ya fi samuwa shi ne jarka mai lita 25. Kowace jarka, idan murfinta ya toshe sosai, tana tallafar kimanin kilo 24 kafin ta nutse. A gicciya sanduna biyu masu ƙwari a kan jirgi, a ɗaure su da haƙarƙari da noti, ba da ƙusa a bakin faifai ba, a rataya jarka biyu a kowane gefe, mita ɗaya daga tsakiya. Ƙarfin karkatarwa shi ne nauyi sau nisa. Kallin nan ya ba da 15 sau rabi, wato 7.5, jarkokin gefe ɗaya kuwa suna iya maida martani da 48 sau ɗaya. Bututun roba na ruwa mai kaurin santimita 15 da tsawon mita 2, an toshe bakinsa biyu, yana ɗaukar lita 35, kuma ya fi jarka tsaga ruwa. Ya kamata a rataya su suna ɗan shafar ruwa lokacin da jirgi ke ɗauke da cikakken kayansa. Idan suka yi sama da yawa, jirgi zai riga ya karkata kafin su kama aiki. Aibinsu shi ne suna tare wa filafili hanya, suna kuma kama kalli, don haka a sa su can baya da wurin da masunci ke aiki. Rana tana cin robar jarka har ta tsage, sai a riƙa dubawa kowane wata.

Hanya ta uku ita ce haɗa kwale-kwale biyu da dandamali a tsakani. Daidaitonsa ba shi da na biyu, amma dandamalin yana kan bakin jiragen, mai keke ya yi nisa da ruwa, iska kuma ta sami abin turawa. Ya fi dacewa da fito bisa su.

Tambayar da ya kamata a fara yi

Kafin a sa zarto a jikin katako, a tambayi mai jirgin ko lalle ne keken ya shiga. Abin da aka fi gani a titunan Zariya da Kano shi ne keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa, ciki har da ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa a Kano da cibiyar Beautiful Gate ta Jos. Keke ne na hanya: dogo, mai nauyin ƙarfe, ba ya juyawa a ƙunci, kuma tsatsa ce makomarsa a cikin jirgi. Mafi yawan masu hawansa suna iya sauka da hawa da ƙarfin hannunsu. Ga irin waɗannan, gyara mafi hikima shi ne a bar keke a gaɓa a yi wa jirgi kujera ta musamman: gajera, santimita 15 zuwa 20 daga daɓe, a tsakiyar jirgi, mai majingina da madafa a gefe biyu, da wurin tokare ƙafa domin jiki kada ya zame idan ana ja. A haɗa da allon zamiya mai santsi, tsawon kimanin santimita 75, wanda za a gicciya daga mazaunin keke ko daga benci a gaɓa zuwa bakin jirgi. Da wannan kaɗai tazarar daidaito ta koma kusa da 24 ɗin farko, ba a huda jirgi ba, ba a kashe kuɗi mai yawa ba.

Wanda laka ta taɓu, ko tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, lamarinsa daban ne. Mai yiwuwa bayansa ba ya riƙe shi sai da majinginar kekensa, kuma ɗaga shi kamar buhu sau biyu a rana wahala ce gare shi da masu ɗagawar, ban da zubar da mutunci. Shi ne ake yi wa jirgi ƙofa.

Ƙofa, gada da gaɓa

A Ingila wata ƙungiyar agaji da aka kafa domin naƙasassu masu kamun kifi ta fito da jirgin da ake kira Wheelyboat a tsakiyar shekarun 1980. Sirrinsa ba wani abu ba ne illa shimfiɗaɗɗen daɓe mai faɗi da goshin jirgi wanda ake saukewa ya zama gada, keke ya gangara ciki, a ɗaga a kulle. Ana iya kwaikwayon wannan da katako. Jirgin da ɗaya ƙarshensa yankakke ne, ba tsini ba, shi ya fi sauƙi: a mai da allon ƙarshen ya zama ƙofa mai faɗin santimita 80, da hinji a ƙasa, da sakata biyu a sama, da tsirin robar tayar mota a kewaye domin toshe ruwa. Dole dokin ƙofar ya kasance sama da fuskar ruwa ko da jirgi na ɗauke da cikakken kaya, domin babu ƙofar katakon da ba ta yoyo. Kuma tunda allon da aka yanke shi ne ke riƙe gefunan jirgi biyu, sai an maye gurbinsa da ƙaƙƙarfan haƙarƙari na maɗaci ko kawo, in ba haka ba jirgin zai buɗe baki a hankali.

Lokacin shiga shi ne mafi haɗari. Jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin santimita 120 yana nutsewa kimanin santimita ɗaya a kan kowane kilo 50 da aka ɗora a tsakiyarsa. Idan a can ƙarshe aka ɗora nauyin, wannan ƙarshen yana nutsewa wajen ninki huɗu. Mai keke da mai tura shi kilo 150 ne, ke nan bakin ƙofa zai sauka da santimita 12 ko fiye a daidai lokacin da yake buɗe. Maganin abin shi ne kada a shiga jirgin da ke iyo. A jawo ƙarshen ya zauna daram a kan ƙasa ko a kan gungumen da aka binne domin haka, a ɗaure shi da igiya biyu zuwa turaku biyu, hagu da dama, sannan a sauke ƙofa.

Gangaren da aka amince da shi a gine-gine shi ne ɗaya cikin 12, wato kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar 12 na tsawo. Dokin ƙofa mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gada mai mita 3.6. Dalilin a fili yake: a kan wannan gangare, tura kilo 85 yana cin ƙarfin kilo 7 ne, a kan ɗaya cikin 6 ya zama 14, a kan ɗaya cikin 4 ya haura 20, kuma a nan keke yana iya tuntsurewa ta baya. Idan akwai mai taimako ana iya jure ɗaya cikin 8. A yi wa gadar dogari a gefe biyu mai tsayin santimita 5 zuwa 10, a bar tsakanin faifai bai wuce santimita ɗaya ba saboda ƙananan tayoyin gaba, a shafa fenti a barbaɗa masa yashi tun yana ɗanye domin hana santsi.

Gaɓar madatsa kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Ruwan da ya cika a Satumba yana ja da baya har zuwa Mayu, ya bar fili na laka wanda tayar keke ke nutsewa a ciki. Mashigar kankare da aka gina a bakin ruwan damina takan zama abin kallo a bazara. Abin da ya fi aiki shi ne hanyar marmara da aka daddaɓe, mai faɗin mita ɗaya da rabi domin keke ya iya juyawa, ana ƙara mata tsawo yayin da ruwa ke janyewa, da 'yan tabarmin katako da ake ɗauka a shimfiɗa a ƙarshenta. Wannan hanya tana da wani amfani na lafiya. Gefen ruwan da ba ya gudu shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki. Mai tafiya da ƙafa sawunsa ne ke jiƙa, mai rarrafe kuwa hannu da gwiwa da cinya duk suna cikin ruwan.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da abubuwan sufuri, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Mashigar masunta a bakin tafki ba ta cika zuwa zuciyar masu tsara kasafi ba, alhali tifa biyu na marmara da aikin gayya na yini guda sun isa a fara, idan Sarkin Ruwa da ƙaramar hukuma suka ga dama.

A cikin jirgi

Wurin keke shi ne tsakiyar jirgi, a kan layin tsakiya, yana fuskantar gaba ko baya. Birkin keke ba abin dogaro ba ne a kan jiƙaƙƙen katako. A kafa katakai biyu a daɓe su zama kwarin da manyan tayoyi za su zauna, a sa waigi gaba da baya, a ɗaure firam ɗin keken da igiya huɗu zuwa zobba a haƙarƙari. Idan kwarin ya sauke tayoyin ƙasa da daɓe da ko santimita 5 ne, riba ce.

A nan akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci: ana ɗaure keke da jirgi, ba a ɗaure mutum da keke. Ƙarfe mai kilo 20 yana rasa kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na nauyinsa a cikin ruwa, saura kilo 17 da rabi yana ja ƙasa. Wanda ke buƙatar ɗamara domin riƙe ƙirjinsa, a yi masa mai ɓallewa da ja ɗaya, wadda shi da kansa zai iya kwancewa ido rufe.

Sai ruwan da ke taruwa a cikin jirgi. Mutane suna ɗaukarsa ƙarin nauyi ne kawai, alhali illarsa ta fi haka. Ruwan da ke kwance a faffaɗan daɓe yana gudu zuwa duk gefen da ya sunkuya, kuma lissafin ɓarnarsa iri ɗaya ne da na faɗin jirgi: faɗin ruwan sau uku. Ke nan jirgin da aka faɗaɗa domin aminci shi ne ya fi cutuwa da shi, domin ruwan da ya mamaye daɓe daga gefe zuwa gefe yana iya cinye mafi yawan tazarar da faɗin ya samar. Idan aka kafa katako a tsaye a bin tsawon jirgi a ƙarƙashin daɓe ya raba ruwan gida biyu, ɓarnar ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Gida uku, ɗaya cikin tara. A bar rami ɗaya kusa da hannun mai keke inda zai iya kwarfe ruwa da kwano ba tare da ya sunkuya gefe ba.

Kowane jirgi, musamman na ƙarfen da masu walda ke haɗawa, yana buƙatar abin da zai hana shi nutsewa idan ya cika da ruwa. Jarkoki rufaffu da aka ɗaure tamau a ƙarƙashin benci, gaba da baya da gefe, sun wadatar, a ware guda ɗaya domin nauyin keken kaɗai. Ƙarfe yana da wata matsala: yana ɗaukar zafin rana, kuma wanda laka ta taɓu ba ya jin ƙuna a ƙafarsa sai ya ga ciwo. Haka ma jiƙaƙƙen mazauni na sa'o'i yana jawo gyambon zama. A lulluɓe matashin da leda mai kauri, a shimfiɗa katako ko tabarma inda ƙafa ke taɓawa.

Dangane da kayan su, birgi na mai tsayuwa ne, domin jifansa yana buƙatar juyin ƙugu da ƙafa. Kalli da mamari da gura da fatsa duk ana yinsu a zaune. Abin da ya rage shi ne ta inda ake ja. Jirgi ya fi ƙarfin nutsewar goshi nesa ba kusa ba bisa karkatar gefe, don haka a sa gajeren bututu mai juyawa a kan sandar ƙarfe kusa da goshi, igiya ta bi ta kansa ta zo hannun masunci a tsakiya. Wannan ya fi muhimmanci a tafkunan madatsu, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye ke kama kalli, mutum ya ja da ƙarfi, igiya ta tsinke farat ɗaya, jirgi ya wuntsila ɗaya gefen.

Gwaji kafin mutum ya hau

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da kima ne aka ɗora wa laifin. Jirgin da aka yi wa gyara ya zama sabon jirgi, tsohon sanin da mai shi ya yi masa bai ƙara aiki ba, don haka sai an auna shi.

Awon ba ya buƙatar na'ura. A ruwa marar zurfi, ranar da babu iska, a ɗaure keken a wurinsa a ɗora masa buhunan yashi masu nauyin mai shi, a sa wasu a mazaunin abokin aikinsa. A kafa sanda a tsakiya, a rataya zare mai tsawon mita ɗaya da dutse a bakinsa, a sa ruler a ƙasa. A ɗauki buhu mai kilo 20 daga tsakiya a gusar da shi rabin mita zuwa gefe, a karanta yadda zaren ya gusa. Tazarar daidaito a mita ita ce 20 sau rabi, a raba da nauyin jirgi gaba ɗaya, a sake rabawa da gushin zaren a mita. A jirgin misali mai kilo 380, gushin santimita 3 yana nufin tazarar kusan santimita 88. Idan zaren ya gusa da santimita 10 ko fiye, a koma wurin kafinta. Bayan haka a cika jirgin da ruwa da gangan a ga ko zai tsaya a kwance da bakinsa a sama, ko kuwa zai juya ciki.

Rigar ruwa ita ma sai an gwada ta a jikin mai ita. Ana auna ƙarfin tallafinta da niyuton: mai 50 taimako ce ga wanda ya iya iyo, mai 100 ta ruwa mai kwanciya ce, mai 150 kuwa an yi ta ne domin ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. Waɗannan alkaluma an tsara su ne bisa jikin da nauyin ƙafafunsa ke ja ƙasa. Wanda ƙafafunsa suka shanye ko aka yanke, jikinsa yana kwanciya a ruwa ta wata fuska dabam, rigar tana iya zamewa sama ta rufe masa fuska ko ta kifa shi. A gwada ta a ruwan da bai wuce ƙirjin masu taimako biyu ba, a ƙara mata igiya ta tsakanin cinyoyi idan tana hawa. A wannan zama ne kuma za a koyi yadda zai saki ɗamara, ya ture kansa daga keke, ya kama igiyar da aka zagaya a jikin jirgi ta waje. A maimaita gwajin a farkon kowace damina, kafin guguwar gabas ta Mayu da Yuni, wadda ke tayar da igiyar ruwa a faffaɗan tafki cikin 'yan mintoci.